Bargon Nangala

Shekara biyu ƙungiyarsu na yawo da wasan nan, daga Alice Springs zuwa Adelaide har Sydney, kuma duk inda suka sauka sai an samu wani mai ilimi ya tare Noreen Napaljarri a bayan dandamali ya yi mata bayanin ma'anar bargon. Bargo ne ruwan toka, irin wanda gwamnati ke rabawa tun zamanin layin fulawa da sukari, ana rataye shi a igiya tsakiyar dandamali a fitowa ta ƙarshe. Wani ɗan jarida ya cika rabin shafi yana cewa bargon nan shi ne katangar da Turawa suka gina tsakanin ƴan asalin ƙasa da junansu. Wata malamar jami'a ta ce a'a, likkafani ne. Noreen takan gyaɗa kai ta yi godiya, don ta gaji. Maganar ba ta kai can ba. A gefe ɗaya na bargon uwarta ce, a ɗaya gefen mijinta, kuma shekara goma sha shida da auren nan suruki da suruka ba su taɓa haɗa ido ba, ba kuma za su fara ba saboda wasan kwaikwayo.

A gida ma haka ake zaune, ba wanda ya taɓa kiran abin fasaha. Uwarta, Hilda Nangala, na da wutarta a yammacin tsakar gida, mijinta Cedric Jakamarra na gabas, inda tsohuwar motarsa ke kwance rabin shekara. In Hilda tana son itace sai ta ce wa Noreen, da muryar da har maƙwabta za su ji, "Wutar nan ta kusa mutuwa." Noreen ta yi taku goma sha biyu ta ce, "An ce wuta ta kusa mutuwa." Cedric ya ce, "A ce an ji." Sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba, nasa ma bai fita daga nata ba. In suka yi kiciɓis a hanyar shago, shi ke sauka cikin ciyawa mai ƙaya ya juya baya har ta wuce. Kuma ba gaba ba ce. Duk garin Pirlinya babu mai ganin girman Hilda kamar Cedric. Wutsiyar kangaru mafi kitse kullum gefenta take zuwa, ta hannun Noreen.

Noreen ce ta rubuta wasan, ta sa masa suna Sawun Yaro, amma labarin na uwarta ne. A shekarar 1950, kafin a haife ta, Hilda na wanki a gidan wani Bature mai kiwon shanu, tana da ɗa namiji mai hasken fata, kowa kuma ya san dalili. A lokacin gwamnati na kwashe irin yaran nan ta kai su kudu. Hilda ta shafe shi da gawayi da kitse, ta ɓoye shi kwana tara a wata ƙorama da ta ƙafe. Mai bin sawu, baƙar fata kamarsu da ke wa ƴan sanda aiki, shi ya kai su wurin. Yaron na da shekara biyu. Takardu sun ce an ba wasu iyali shi, an canza masa suna, daga nan takardun suka yi shiru. Abu ɗaya ya rage wa Hilda: tabon ƙuna a tafin ƙafarsa ta hagu, yatsu uku kamar sawun tsuntsu, daga ranar da ya taka garwashi. A fitowa ta ƙarshe takan juya ga ƴan kallo ta faɗi wannan a hankali, kalma bayan kalma. Saboda wannan kaɗai tsohuwar da ko shiga mota ba ta so ta yarda ta hau dandamali.

Mai bin sawun kuwa, babu namijin da ya yarda ya fito a matsayinsa, kowa na tsoron sunan ya bi shi har kabari. Cedric ne ya ɗauka, ba tare da an roƙe shi ba. Shi ya sa Noreen ta tsara fitowar kamar tsakar gidansu: tsohuwa a nan, mai bin sawu da ya zo neman gafara a can, bargo a tsakani, ita kuma zaune a bakin bargon a matsayin ƴa, tana karɓar magana tana miƙawa.

Ɗakin wasa mutum ɗari biyu yake ci in ya cika, kuma a shekara biyu ba wanda ya taso daga cikinsu ya cire takalminsa. Saboda haka da wasiƙa ta zo daga wani gidan talabijin na Sydney, a farkon 1991, suna son su mayar da wasan na akwatin talabijin a nuna wa ƙasa baki ɗaya, Noreen ba ta yi dogon tunani ba.

Wanda suka turo sunansa Gavin Hollis. Dogo ne, da sabuwar hula mai faɗi wadda rana ba ta taɓa gani ba, da ƙaramin littafin rubutu a aljihun gaba. Ya ga wasan sau huɗu, ya yi kuka sau huɗu, ya kuma tabbatar kowa ya san lissafin. Hilda kuwa Anti yake ce mata a farkon magana da ƙarshenta, kamar mai tsoron kalmar za ta ƙare a kasuwa. Ba mugu ba ne, kuma Noreen ta sha tunanin da mugu ne da aikin ya fi sauƙi, don mugu ana iya zaginsa a huta.

Ranar farko a rumfar da suka haya a Alice Springs, ya tsaya gaban igiyar ya riƙe ƙugu.

"Bargon nan zai fita, Noreen."

"Zai fita ya je ina?"

"A dandamali gwaninta ne, na yarda. Amma a akwati fuska ake son gani. Ki duba, mutumin da ya bi sawun ɗanta ya dawo bayan shekara arba'in. Ina son idonsa cikin idonta. A nan ƙasar nan za ta fashe da kuka."

"Surukarsa ce."

"Na sani, wannan a rayuwa ke nan. A wasa ai mai bin sawu ne."

"A wasan ma da idonsa na rayuwa zai kalle ta. Ba shi da wani a ajiye."

Gavin ya zaro littafinsa ya rubuta. "Abin sha'awa," in ji shi.

Washegari ya sake ɗago maganar kamar ba a yi ta ba. Noreen ta zaunar da shi ta yi masa dalla-dalla: suruki ba ya kallon surukarsa, ba ya kiran sunanta, ba ya yi mata magana sai ta bakin wani, ba ya zama inda take zaune, kuma wannan ba tsoro ba ne, girmamawa ce mafi girma da namiji zai yi wa matar da ta haifa masa mata. Gavin ya cika shafi biyu. Da ta gama ya ce, "To in na daƙiƙa biyar ne fa? A kalla, a kau da kai." Noreen ta tashi ta fita waje ta tsaya cikin rana har ranta ya ɗan sauka. Canza Cedric kuma bai taso ba, don Gavin ya riga ya sayar wa manyansa fuskar nan, sauran mazan ƙungiya kuwa har yanzu ba mai son rigar mai bin sawu.

Rana ta uku ya shigo baki har kunne.

"Na samo mafita, kuma ba za a taɓa dokarku ba ko kaɗan. Anti za ta yi nata ranar Talata. Cedric ya yi nasa ranar Alhamis. Ba za su ma shiga rumfar rana ɗaya ba. Ya kika gani?"

"Ni fa?"

"Kina nan a wurinki duka ranakun, kina karɓa kina miƙawa."

"Bargon?"

"In ba su tare, me bargo zai kare?"

Noreen ta juya maganar ta kowane gefe ba ta ga inda ta yoye ba. Ita ƴar dandamali ce. A dandamali abin da aka yi shi ake gani, wanda ba ya nan ba ya nan. Ba ta taɓa shiga ɗakin da ake yanka hoto ana ɗinkewa ba. Ranar Talata aka manna jan tef a jikin wani ƙarfe aka ce Hilda ta kalle shi. Ranar Alhamis aka mayar da ƙarfen ɗaya ɓangaren aka ce Cedric ya kalli tef ɗin da idon mai nadama, ya kuma yi, har mai ɗaukar sauti ya share hanci. Da aka gama Noreen da kanta ta dafa wa Gavin shayi a gwangwani, ta ce masa ya yi ƙoƙari. Wannan shayin ya daɗe yana ba ta haushi.

Bayan mako shida ya dawo Alice Springs da kaset, ya kira ta ta zo ta gani ta sa hannu. Awa huɗu ta yi a hanya mai gargada. Suka zauna a wani ƙaramin ofis mai sanyi, ya kunna. Farkon ya yi kyau, ba ta da ta cewa, har ƙoramar da ta ƙafe ya samo. Sai fitowa ta ƙarshe ta zo.

Fuskar Cedric ta cika akwatin, yana kallon dama. Sai fuskar uwarta, tana kallon hagu. Sai shi kuma, sai ita, idanun a layi ɗaya kamar an ja da zare. Noreen ta nemi kanta ta rasa, an yanke ta tas. Inda Cedric ya ce, "A gaya mata ni na bi sawun," an datse farkon, saura "Ni na bi sawun," kai tsaye cikin fuskar surukarsa. Duk wanda ya gani zai rantse numfashinsu na haɗuwa.

"Kashe," ta ce.

Ya kashe, idonsa ya yi ja. "Kin gani ko? Sau goma na kalla, har yanzu tsigar jikina na tashi."

"Gavin, me ka yi?"

"Ban karya komai ba. Ba su taɓa haɗuwa ba, ke shaida ce. Talata da Alhamis."

"Mutanen Pirlinya Talata da Alhamis za su gani, ko mijina yana zare wa uwata ido?"

"Sai a yi musu bayani ai."

"Kwana uku na yi ina maka bayani. Yana cikin aljihunka."

Ya taɓa aljihun, ya sauke hannu. Ya ce bai yi nufin ɓata wa kowa ba, kuma ta san gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ƙona mata rai ke nan. Ta ce a mayar da ita tsakani. Ya ce wurin da take zaune hasken bai yi ba, an zubar. Ta ce a sake ɗauka. Ya ce ma'aikata sun watse, rumfar ta koma ɗakin ajiye taya. An ba shirin ranar Lahadi ta sama da ƙarfe shida na yamma, kwana tara ke nan. In ba ta sa hannu ba za a cike gurbin da wani shiri kan kifaye, kuma shi bai san ranar da za a sake ba wasan baƙaƙen fata irin wannan lokaci ba. Noreen ta dubi mutumin da ya yi shiri na awa ɗaya da rabi a kan yadda Turawa ba sa jin magana, ta ɗauki takardar ba ta sa hannu ba, ta fita.

Ta isa gida da hantsi washegari. Cedric na ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ta tsugunna ta gaya wa ƙafafun komai. Ƙarar sifana ta tsaya.

"Garin nan zai gani?"

"Duk garin da aka kafa farantin kama hoto zai gani. Har ƴan uwanka na arewa."

"Ni jan tef na kalla, Napaljarri."

"Sai ka bi gida-gida da tef ɗin kana nunawa."

Ya ajiye sifanar. Can ya ce, "Maganar nan ba a gefena take ba. Fuskar babba aka taɓa. Je ki yamma."

Ta yi taku goma sha biyu. Hilda na zaune a ƙasa tana kwaɓa fulawar burodin toka, karnuka uku na gadin ta. Noreen ta fara bayani, tsohuwar ta katse ta.

"Yaya za a yi ya kalle ni alhali ina gida ranar? Ke dai ba ki gani da kyau ba."

Kartar da matan suka buga jiya na nan a kan bargo. Noreen ta zaro sarki, ta zaro sarauniya, ta riƙe su nesa da juna. "Wannan Talata, wannan Alhamis." Ta matso da su har suka fuskanci juna. "Ga abin da mutumin ya yi, Inna. Ni kuma ya jefar da ni."

Hilda ta kalli katunan, ta kau da kai da sauri kamar ta ga tsiraici. Ta ci gaba da kwaɓa fulawa, fiye da yadda fulawar ke buƙata.

"Ƙafar yaron tana ciki?"

"Tana ciki."

"Ta hagu. Yatsu uku."

"Duk tana ciki. A wurin ma ya matso da fuskarki har ta cika akwatin."

"Mutum nawa ke kallon abin nan?"

"Ya ce miliyan."

"Nawa ke nan?"

"Ki tara duk wanda kika taɓa gani a rayuwarki, ba ki fara ba."

Tsohuwar ta buɗe toka da sanda, ta kwantar da burodin, ta rufe. "Sa musu hannu."

Noreen ta yar da katunan a kan bargo. Awa huɗu ta yi a hanya tana shirya yadda za ta yaga takardar nan a gaban Gavin. "Inna, kin san abin da kike faɗa? Matan garin nan za su gan ki. A wurin makoki za a tuna, a wurin rawa za a tuna. Jikokinki za a riƙa nunawa a makaranta. Shekara sittin ba wanda ya taɓa ɗaga miki yatsa, yanzu saboda wani mai sabuwar hula..."

"Na san matan garin nan tun ba a haife ki ba, ƴar nan. Za su yi magana, su gaji, su zo aron sukari." Ta goge hannu a siket. "Amma kunyar ba tawa ba ce ni kaɗai. Rabi na uban yaran nan ne, kuma namiji ba ya wanke irin wannan da wuri. Je ki gabas ki tambaya."

Noreen ta yi tsaki ta miƙe. Taku goma sha biyu ne, kuma ta san sarai ya ji komai, amma sai an je an faɗa. "An ce a tambaye ka."

Cedric ya fito daga ƙarƙashin motar, ya zauna ya ba yamma baya, yana goge baƙin mai a wandonsa. "A ce ranar Lahadin nan zan je duba rijiyar arewa. An daɗe ba a leƙa ta ba."

"Amsarka ke nan?"

"A ce haka. Za a gane."

Ta koma ta faɗa. Hilda ta ce, "A ce ya tafi da rabin burodin nan."

Tunda ba ta samu yaga takardar ba, Noreen ta sauke fushinta a kan wayar ofishin gari. Kwana uku tana kiran Sydney, daga Gavin zuwa mai gidan Gavin zuwa wata lauya mai magana ta hanci. Ba ta sa hannu ba sai da suka aiko mata a rubuce: sau ɗaya za a nuna, ba maimaici, ba sayar wa makarantu, kuma a ƙarshe lambar wayar ofishin Pirlinya za ta tsaya a akwatin har mutum ya samo biro. Ta kafe takardar a bangon ofis da ƙusa biyu. Shi ne abu ɗaya da ta ci a duk rigimar, tana kuma alfahari da shi.

Ranar Lahadi Cedric ya tayar da motar tun da safe, ta tashi kuwa, abin da ya ba kowa mamaki. Da yamma aka fito da akwatin zuwa barandar ofis, gari ya zauna a ƙasa da karnukansa. Aka yi dariya inda ake dariya. Da aka zo wurin ƙoramar, tsofaffin mata suka fara kuka ƙasa-ƙasa, don ba Hilda kaɗai aka yi wa ba. Noreen na lissafin mintoci. Ana gab da fitowa ta ƙarshe Hilda ta miƙe, ta ratsa mutane da bargon nan ruwan toka a hannu, ta lulluɓe akwatin ruf, ta koma ta zauna. Muryar Cedric ta fito daga ƙarƙashin bargon, "Ni na bi sawun," babu kowa a tsakani, wasu tsofaffi suka sunkuyar da kai, wata ta juya baya gaba ɗaya. Sai muryar Hilda, a hankali: ƙafar hagu, tafin, yatsu uku kamar sawun tsuntsu.

Bargo ɗaya ne, garuruwa kuwa da yawa. Kafin mako ya zagayo wani dattijo ya yi tafiyar yini guda don kawai ya tambayi Cedric ko ya haukace. Maza suka yi wa Cedric zama a bayan gari, ya dawo bai ci abinci ba. Ƙannen Hilda biyu suka daina karɓar shayi daga wutarsa. A shago, in Hilda ta shiga, hira takan mutu. Gavin ya aiko da jaridu a babban ambulan, duk yabo, ɗaya ma ta ce kallon da mutanen biyu suka yi wa juna shi ne sulhun da ƙasar ke jira. Noreen ta hura wuta da su.

Waya kuwa ta yi ta ƙara. Mutum talatin da ɗaya a mako biyu, daga Adelaide, daga Perth, daga garuruwan da Noreen ba ta taɓa jin sunansu ba. Maza masu shekara arba'in da wani abu, da muryar Turawa, suna in-ina kamar yara. Noreen takan tambayi abu ɗaya, tabon ƙafa. Wasu sukan ce ta jira, ta ji sun ajiye wayar suna kwance igiyar takalmi, alhali sun san ƙafarsu tun suna yara. Wani yana da tabo, amma a dama. Mata ma sun kira, sun san namiji ake nema, suka ce dai ko da wani ya san wani abu. Wani direban babbar mota ya ce, "Ba ni da tabon, ƴar uwa. Amma ko zan iya gaishe ta?" Hilda na zaune a ƙasa bakin ƙofar ofis tun buɗewa har rufewa. Ta karɓi wayar ta riƙe ta da hannu biyu, ta tambaye shi ko ya ci abinci. Tun daga ranar duk wanda ya kira sai ta gaisa da shi.

Mako na uku kira biyu aka yi. Na huɗu babu ko ɗaya. Hilda ta ƙara kwana biyar a bakin ƙofar, sannan ta koma wutarta.

Noreen na shanya kaya wata safiya, tana tunanin aƙalla an wuce wurin, maganar gari ta fara lafawa, ɗaya daga ƙannen ma ta zo aron sukari jiya. Sai ta ji muryar daga yamma.

"Masu aikin jirgin ƙasa ba su san Lahadi ba."

"Me kika ce, Inna?"

"Masu aikin asibiti ma haka. Wataƙila yana wurin aiki ranar. Ko akwatinsa ya lalace." Tana tona toka da sanda, ba ta ɗago ba. "Ki ce wa mutumin nan mai hula ya sake nunawa. Wata rana daban. Tsakiyar mako."

Noreen ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta. Kwana uku ta yi tana faɗa da Sydney a kan takardar nan. Ta ji kamar ta kurma ihu, ta ce shekara arba'in da ɗaya ne, wataƙila ma ba ya duniya, wataƙila ya gani ya kashe akwatin. Ta dubi bayan wuyan uwarta, yadda ya rame a watan nan, ta haɗiye duka.

"Sai an tambayi gabas," ta ce da haushi.

Ta fara takun. Ba ta kai rabi ba Cedric, yana zaune ya ba su baya, ya yi magana yana kallon tayar motarsa.

"A ce rijiyar nan dama ban gama gyaranta ba."

Noreen ta jefa rigar cikin bokiti, ta nufi ofis ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ta ciro takardar daga bango, ƙusoshin suka yaga kusurwoyinta. Lambar na saman shafin. Ta buga, ta jira, ta ji an ɗauka.

"Noreen. Kai, na ji daɗin jin ki. Ya Anti? Kin ga jaridun da na aiko?"

Ta rufe ido, ta jingina goshi da bango.

"Gavin," ta ce, "ɗauko littafin nan naka. Wannan karon abin da na faɗa shi za ka yi."